LAZIMTAR WURIDI: HANYAR GYARAN ZUCIYA DA KYAUTATA HALAYEN MURIDI

Matanin laccar da aka gabatar a taron Maulidin Shehu Ibrahim Inyass (RTA) na shekara-shekara

GABATARWA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya ambatonSa ya zama abincin zukata kuma hasken ƙiraza. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da Sahibul Faila Shehu Ibrahim Inyass da sauran waliyyai baki ɗaya.

 

Duk wanda ya taɓa halartar irin wannan taro ya san halin da zuciya take shiga a cikinsa. Mutum yakan ga sahun jama'a iyakar ganin ido, ya ji amon hailala yana tashi daga dubban bakuna a lokaci guda, ya ga dattijon da bai taɓa ganin hawayensa ba yana share ido da gefen rawani, sai ya ji a ransa kamar ba zai ƙara saɓa wa Allah ba har abada. A irin wannan dare ne mutane da yawa suke neman muƙaddami su karɓi ɗariƙa, wasu kuma su sabunta izini. To amma gari yakan waye, a naɗe tabarmi, a kwance lasifika, motoci su ɗauki hanya, kowa ya koma kasuwarsa da gonarsa da ofishinsa. Bayan mako biyu ko uku sai a tarar da carbin da aka saya a bakin filin taro yana rataye a ƙusa, ƙura ta rufe shi. Tambayar da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: mene ne zai riƙe wa muridi wannan haske a sauran kwanakin shekara, fiye da 350, waɗanda babu taro a cikinsu?

Wannan damuwa ba yau ta fara ba. Imamu Muslim ya ruwaito labarin Sahabi Hanzala al-Usaidi (RA), ɗaya daga cikin marubutan Manzon Allah (SAW), wanda ya haɗu da Sayyidina Abubakar (RA) yana tuhumar kansa da munafunci. Dalilinsa shi ne, idan yana gaban Annabi (SAW) ana wa'azi sai ya ji kamar yana ganin Aljanna da wuta da idonsa, amma da zarar ya koma cikin iyali da dukiya sai mafi yawan abin ya kuɓuce masa. Sayyidina Abubakar ya shaida masa cewa shi ma yana samun haka, suka tafi tare suka kai kuka. Annabi (SAW) bai kira wannan hali munafunci ba. Ya nuna masu cewa da sun dawwama a kan halin da suke samu a wurinsa, da mala'iku sun riƙa yin musafaha da su a kan shimfiɗunsu da hanyoyinsu, sa'annan ya karantar da su cewa rayuwar mumini lokaci-lokaci ce, wannan da nasa, wancan da nasa. Idan haka ne, ashe abin da ake nema ga bawa shi ne ya tsare lokacin da ya ware wa Ubangijinsa, kada hidimar duniya ta cinye shi. Wannan lokaci da aka ware aka tsare, shi ne wuridi.

MA'ANAR WURIDI DA TSARINSA

Asalin kalmar wuridi a harshen Larabci yana komawa ne ga gangarawa mashaya, wato zuwan mutane ko garke bakin ruwa a lokacin da suka saba. Makiyayi ya fi kowa fahimtar wannan ma'ana, domin ba ya cewa tunda shanunsa sun ƙoshi da ruwa ranar Juma'a, to sun huta sai wata Juma'ar. Ya san ƙishi kullum yake dawowa, saboda haka kullum sai an gangara. Malaman sufanci suka ari wannan kalma suka sanya wa rabon zikiri ko karatu da bawa ya ɗora wa kansa a ƙayyadadden lokaci.

A ɗariƙar Tijjaniyya abubuwa uku ne suke kan wuyan duk wanda ya karɓa. Na farko lazimi, wanda ake yi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Salatin yana inganta da kowace siga, amma Salatul Fatihi ita ce aka fi so. Lokacin zaɓi na lazimin safe yana farawa daga bayan sallar Asuba zuwa hantsi, na larura kuma ya kai har faɗuwar rana. Na yamma yana farawa daga bayan La'asar zuwa Isha'i, na larurarsa ya kai har fitowar alfijir. Na biyu wazifa, wadda take isarwa sau ɗaya a yini: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, kuma ana yin ta cikin jam'i matuƙar akwai 'yan'uwa a garin. Na uku zikirin Juma'a, wato hailala bayan sallar La'asar ta ranar Juma'a zuwa faɗuwar rana.

Da za a duba waɗannan awradi da idon basira, za a ga babu komai a cikinsu face abubuwa uku da Alƙur'ani da Sunna suka yi umurni da su: neman gafara, salati ga Annabi (SAW), da kalmar tauhidi. Haka nan zaɓen safiya da maraice ya dace da umurnin da ya zo a Suratul Ahzabi, aya ta 41 da ta 42, na yawaita ambaton Allah da tsarkake Shi a gefuna biyu na yini. Abin da ya sa wuridi ya bambanta da sauran zikirin ganin dama shi ne alkawari. Muridi ya ɗauke shi ne a matsayin bakance, zai riƙe shi har mutuwa, shi ya sa idan lazimi ko wazifa suka kuɓuce sai an rama. Zikirin Juma'a ne kaɗai ba a ramawa idan lokacinsa ya fita. Marar lafiya da mace mai al'ada ko biƙi kuwa an yi masu rangwame.

Tarihin wannan wuridi shi kansa darasi ne. An haifi Shehu Ahmadu Tijjani (RTA) a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a shekarar 1150 ta Hijira, daidai da 1737. Ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 7, ya fita neman ilimi da mazajen Allah zuwa Fas a 1171, ya yi aikin Hajji, ya zauna da shehunai a Magrib da Masar da Hijaz. Babban buɗin da aka yi masa a Abu Samgun bai zo ba sai a 1196, wato bayan shekara 25 da fitarsa ta farko. Kamar yadda littattafan ɗariƙa suka tabbatar, a lokacin ne aka ba shi istigfari da salati, sa'annan aka cika masa da hailala a 1200. Ya koma Fas da zama a 1213, ya rasu a can a 1230, daidai da 1815.

Daga Fas wuridin ya ratsa sahara. Shehu Umarul Futi ya zo da shi Sakkwato a kan hanyarsa ta dawowa daga Hajji, a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Daga baya ya kafu a Kano a hannun malamai irin su Malam Muhammadu Salga da almajiransa. Bayan bayyanar faila a Kaulaha a 1929, da haɗuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim a aikin Hajjin 1937, sai ya game birane da ƙauyuka. Sama da shekara 240 ke nan wannan wuridi yana tafiya daga hannu zuwa hannu, kuma babu abin da ya kawo shi wannan zamani face mutanen da suka zauna a kan buzu safe da yamma, a lokacin yalwa da lokacin fari, ba su bari ya yanke a hannunsu ba.

HIKIMAR DAWWAMA A KAN KAƊAN

Wani zai iya ganin ƙwaya 300 ta carbi ta yi kaɗan a ce ita za ta canza mutum. Ga mai matsakaicin karatu, lazimi ba ya cin fiye da kimanin minti 20. Amma idan aka yi lissafi za a ga wanda ya tsare shi shekara guda ta Musulunci, mai kwana 354, ya zauna gaban Ubangijinsa sau 708, ya furta zikiri 212,400, ban da wazifa da zikirin Juma'a. Wanda ya yi shekara 30 a kai, sai a auna abin da ya tara. Hausawa sun ce yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da ƙanƙani ne, kuma ta siffanta aikin Annabi (SAW) da cewa mai ɗorewa ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 ta Hijira, ya ware babi guda a littafinsa Ihya'u Ulumiddini a kan tsara awradi, ya kuma buga misali da ɗigon ruwa da ke sauka a kan dutse a kai a kai har ya yi masa gurbi, alhali da za a tara ruwan a kwara shi gaba ɗaya babu abin da zai yi wa dutsen. Wanda ya taɓa duban itacen bakin tsohuwar rijiya ya ga irin wannan da idonsa: igiyar guga mai laushi ce ta yi masa waɗannan zurfafan tsagogi, saboda kullum sai ta bi ta kansa.

Akwai wani misali a marinar Ƙofar Mata ta birnin Kano. Marini ba ya tsoma farin ƙyalle a ruwan baba sau ɗaya ya ce ya gama. Yakan tsoma, ya ɗaga ya bar shi ya sha iska, ya sake mayarwa, ya sake ɗagawa, yana maimaitawa har launin ya kama zare ya zauna. Ƙyallen da aka tsoma sau ɗaya launinsa fatsi-fatsi ne, wanki kaɗan zai kore shi. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 138, ya kamanta addini da rini daga Allah. Taron shekara tsomawa ɗaya ce mai ƙarfi, lazimi kuwa shi ne maimaitawar da take sa rinin ya kama. Fitar muridi kasuwa da gona tsakanin lazimin safe da na yamma tamkar shan iskar ƙyallen ne, domin a can ne ake gane ko launin ya zauna.

FA'IDOJIN DA MAI LAZIMTA YAKE GIRBA

Fa'ida ta farko ita ce tuba ba ta yi masa nisa. Tirmizi ya ruwaito cewa zunubi yana barin baƙin ɗigo a zuciya, idan bawa ya tuba ya nemi gafara sai a goge, idan ya ci gaba sai ɗigon ya yaɗu har ya rufe ta, kuma wannan shi ne tsatsar da aka ambata a Suratul Muɗaffifina, aya ta 14. Mai lazimi ba ya kwana da dattin yini, ba ya kuma yini da dattin dare. Idan da rana ya yi wa wani ƙarya a ciniki, ko ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya, to da La'asar zai zauna ya nemi gafara sau 100, kuma da wuya harshe ya maimaita neman gafara haka zuciya ba ta tuna masa laifin da ake nema wa gafarar ba. Annabi (SAW) da kansa, wanda aka gafarta masa abin da ya gabata da abin da ya jinkirta, an ruwaito yana neman gafara sau 100 a yini. Malaman ɗariƙa sun ce hikimar jerin ke nan: istigfari ya wanke, salati ya haskaka, sa'annan hailala ta sami wuri mai tsabta ta zauna.

Fa'ida ta biyu ita ce tsaruwar lokaci da tsaruwar salla. An ɗaure lazimin safe da Asuba, an ɗaure na yamma da La'asar, kuma waɗannan su ne salloli biyu da barci da kasuwa suka fi cinye wa mutane. Wanda ya san akwai wuridi a kansa bayan Asuba ba zai raba dare yana hira ba. Wanda ya san za a shimfiɗa farin ƙyalle a zawiyya bayan Magariba zai rufe shago a kan kari. Kiyaye salloli biyar a kan lokaci, cikin jam'i idan da hali, yana cikin sharuɗɗan ɗariƙa tun kafin a zo ga carbi, kuma hadisin ƙudusi da Buhari ya ruwaito ya gabatar da farillai a kan nafiloli wajen samun kusanci. Wasiƙun Shehu Ibrahim ga almajiransa cike suke da wasiyya da tsoron Allah, da tsare salla, da tsare awradi.

Fa'ida ta uku ita ce horar da rai. Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umurni da mummuna a Suratu Yusuf, da mai yawan zargin kansa a Suratul Ƙiyama, da natsattse a Suratul Fajri. Ba a tashi daga matakin farko zuwa na ƙarshe da buri. Ana tashi ne da saɓa wa son rai a ƙananan abubuwa har ya saba da linzami. Ranar da hunturu ya tsananta, ruwan alwala ya yi sanyi, bargo ya yi daɗi, muridi ya tashi ya yi wuridinsa, ya ci nasara a kan ransa sau ɗaya. Ranar da ya dawo daga tafiya a gajiye ya tuna bai yi na yamma ba, ya zauna ya sauke, ya ci nasara ta biyu. Wanda ya saba cika alkawarin da babu mai ganinsa sai Allah, cika alkawarin mutane zai yi masa sauƙi. Ƙarfin da ya tashe shi daga shimfiɗa shi ne zai riƙe hannunsa ranar da aka miƙo masa cin hanci, shi ne zai riƙe harshensa ranar da aka zage shi.

Fa'ida ta huɗu ita ce natsuwa. Suratur Ra'adi, aya ta 28, ta danganta kwanciyar zukata da ambaton Allah. Sharuɗɗan wuridi da ladubbansa suna taimaka wa wannan: tsarki, wuri mai tsabta, fuskantar alƙibla, barin magana sai da larura. Magidanci mai fama da kuɗin haya da na makaranta, da uwargida mai fama da hidimar yara tun asuba, da ɗalibi mai fargabar jarrabawa, kowannensu yana da wani lokaci sau biyu a yini da zai ajiye kayan da ke kansa ya tuna cewa al'amari duka a hannun Allah yake. Matsalar ba lallai ta gushe ba, amma wanda ya tashi daga kan buzu ba da irin zuciyar da ya zauna yake tunkararta ba.

Fa'ida ta biyar ita ce zumunci. A da'irar wazifa attajiri da ɗan dako gwiwa da gwiwa suke zama, murya ɗaya suke fitarwa. Idan aka kwana biyu ba a ga wani ba za a tambaya, idan ciwo ne a je dubiya, idan rashi ne a je ta'aziyya, idan kasala ce a jawo shi da lallashi. Suratul Kahfi, aya ta 28, ta umurci Annabi (SAW) da ya haƙurtar da kansa tare da masu kiran Ubangijinsu safe da maraice, kuma ingantaccen hadisi ya yi bushara cewa wanda ya zauna da ma'abota zikiri ba ya taɓewa, ko da wata buƙata ce ta kawo shi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Fa'ida ta shida tana bayyana ne a ranar rauni. Buhari ya ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari (RA) cewa idan bawa ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya a gida. Wanda bai saba da komai ba, me za a rubuta masa? Kuma harshen da ya shekara 40 yana maimaita kalmar tauhidi sau 300 a kowace rana, ana kyautata zaton Allah ba zai hana shi ita ba a lokacin da ya fi buƙatarta.

ABUBUWAN DA SUKE YANKE WA MURIDI HANYA

Na farko gaggawa. Akwai wanda zai karɓi ɗariƙa yau, bayan wata uku ya fara ƙorafin bai yi mafarki ba, bai ga haske ba, bai ji komai ba. Wannan ya manta cewa Shehun da ya karɓi wuridinsa ya yi shekara 25 yana nema. Manomi ba ya tone iri kowace safiya don ya ga ko ya tsiro. Magabata sun ce tsayuwa a kan hanya ta fi karama daraja, kuma Suratul Hijri ta rufe da umurnin bauta har zuwan mutuwa.

Na biyu ɗaukar abin da ya fi ƙarfi. Wani yakan bi malamai yana tara laƙani da asirai na dubu-dubu, ya yi mako guda ba barci, daga nan ya zube ya bar har lazimin da yake wajibi a kansa. Sahabi Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (RA) ya nace yana saurayi a kan yawan azumi, Annabi (SAW) yana rage masa yana neman ƙari, har aka tsaya a kan azumin Annabi Dawuda. Da ya tsufa sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa. Duk da haka bai bari ba: idan ya gaza sai ya sha wasu kwanaki, ya ƙirga su, ya rama. Shi ne kuma wanda Annabi (SAW) ya gargaɗa da kada ya zama kamar wani mutum da yake tsayuwar dare sa'annan ya daina.

Na uku wasiwasin rashin halartar zuciya. Shaiɗan yakan raɗa wa mutum cewa tunda harshe yana zikiri zuciya tana kasuwa, gara ya bari. Ibnu Aɗa'illah, wanda ya rasu a 709 ta Hijira, ya warware wannan a cikin Hikam, inda ya nuna cewa barin zikirin gaba ɗaya ya fi gafala a cikinsa muni, kuma mai yi da gafala ana sa ran a ɗaga shi zuwa farkawa, daga nan zuwa halarta. Sai dai wannan ba hujja ba ce ga wanda yake jan carbi da hannun dama yana latsa waya da na hagu. Wayar hannu ta zama babbar ɓarauniyar wuridi a wannan zamani, kuma minti 20 da za a kashe ta ko a ajiye ta a wani ɗaki ba zai rushe cinikin kowa ba.

Na huɗu tara bashi. Lazimi ɗaya ya kuɓuce, a ce sai gobe, gobe ta zama jibi, har ya taru ya yi nauyin da mutum zai ji kunyar tunawa, daga nan sai ya yanke ƙauna. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar (RA) cewa wanda barci ya ɗauke shi ya bar rabon karatunsa na dare, ya karanta tsakanin Asuba da Azahar, za a rubuta masa kamar da daren ya yi. Ƙofar ramuwa a buɗe take. Wanda ya daɗe da sakaci ya je wurin muƙaddaminsa ya faɗi gaskiya, a nuna masa yadda zai gyara.

Na biyar, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne ruɗuwa da kai: mutum ya ga tunda yana da wuridi ya fi sauran Musulmi, ko ya dogara da falalar ɗariƙa ya saki jiki da saɓo. Rashin amincewa da makarun Allah sharaɗi ne a cikin wannan hanya. Shehu Tijjani ya yi umurni da a auna duk maganar da aka jingina masa da ma'aunin shari'a, a karɓi wadda ta dace, a bar wadda ta saɓa. Wuridin da ya haifar da girman kai, mai shi ya sake duba niyyarsa.

MA'AUNIN CI GABA

Da me muridi zai gane wuridinsa yana aiki? Amsar tana wurin mutanen da suke zaune da shi. A tambayi matarsa ko fushinsa ya ragu daga bara zuwa bana. A tambayi yaran shagonsa ko yana biyansu haƙƙinsu a kan lokaci. A duba mudunsa da sikelinsa. A tambayi wanda yake binsa bashi, da maƙwabcin da suke haɗa katanga, da iyayensa idan suna raye, domin biyayya gare su tana cikin sharuɗɗan da ya karɓa. A duba abin da yake rubutawa da yaɗawa a waya game da waɗanda suka saɓa masa fahimta. Idan an sami sauƙi a waɗannan wurare, ko da kaɗan ne, to rini yana kamawa. Idan shekara ta zagayo babu abin da ya motsa, matsalar ba daga wuridin take ba, sai a binciki yadda ake yin sa: ko ana fizgarsa ne kamar mai gudun kora, ko ana yin sa da cikin da ya ƙoshi da haram.

A nan akwai nauyi a kan muƙaddamai. Bayar da izini a daren maulidi abu ne mai sauƙi, bibiyar wanda aka ba shi ne aiki. Ya kamata a karanta wa mai karɓa sharuɗɗa filla-filla kafin ya amsa, a koya masa hukuncin tsarki da salla, a san inda yake zaune da zawiyyar da zai riƙa halarta. Haka nan iyaye su sani yaro yana koyon lazimta ne daga abin da ya buɗe ido ya gani. Ɗan da ya tashi yana ganin mahaifinsa a kan buzu bayan kowace Asuba ya riga ya sami rabin tarbiyya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

KAMMALAWA

An haifi Shehu Ibrahim Inyass a watan Rajab na 1318, daidai da 1900, ya rasu a Landan a 1975, aka binne shi a Madina Baye ta Kaulaha. Mafi yawan waɗanda suka cika wannan fili ba su taɓa ganinsa da ido ba. Abin da ya haɗa su da shi, ya haɗa shi da Shehu Tijjani, ya haɗa su duka da Manzon Allah (SAW), shi ne abin da za su yi gobe bayan sallar Asuba, a masauki ko a tasha ko a gefen hanya. Mafi girman tsarabar da ɗan'uwa zai koma da ita gida daga wannan taro ita ce ƙudurin cewa daga yau zuwa maulidin baɗi, in Allah Ya kai rai, lazimi ɗaya ba zai kuɓuce masa ba tare da ya rama ba. Wanda yake da bashi ya fara biya daga daren nan. Wanda ya daina zuwa wazifa ya koma, wurinsa yana nan a da'ira.

Allah Ya ba 'yan'uwa ikon riƙe alkawarin da suka ɗauka, Ya tsarkake zukata, Ya kyautata halaye, Ya jiƙan shehunai da iyaye da suka riga mu gidan gaskiya, Ya zaunar da ƙasa lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, Ya sa kalmar shahada ta zama ƙarshen furucin kowa. Amin summa amin.